Daga Sallah zuwa Sallah: jinyar Bikili

Washegarin Ƙaramar Sallar 2024, wadda aka yi ranar Laraba 10 ga Afrilu, ko kumallo ban karya ba wayata ta ɗauki ƙara. Wani Alhaji ne daga cikin garin Sakkwato, wajen Ƙofar Marke, mai wani jan doki da ake ce wa Bikili. Ko barka da Sallah bai bari mun ƙarasa ba.

"Malam, kana ina? Bikilin ga nau shina ɗingishi. Taho ka murza mai ƙahwa, jibi muna da hawan angwanci."

Murza. Abin da yawancin mutane suka ɗauka aikina ke nan. A unguwa mai tausar dawaki ake ce mini, wasu ma da 'yar dariya a bakinsu, wai an rasa abin yi. Ina da ƙaramar barga mai turke shida a bayan gari, kan hanyar jami'a kusa da Kwalkwalawa. Ni ne da yara biyu, sai wani dattijo da muke kira Baba, wanda tun mahaifina yana yaro shi yake riƙe da ragamar dawakin wani hakimi. Muna karɓar dokin da ya ji ciwo ko jikinsa ya ɗaure, mu lallaɓa shi har ya koma ɗaukar sirdi. Tausa tana ciki, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ba ta kai ba.

Na iske Bikili a turke ƙarƙashin wata darbejiya, ya miƙa ƙafar gaba ta hagu yana ɗan dangana bakin kofato a ƙasa. Bayan ƙwaurin ya kumbura ya yi ciki, kamar an cusa ayaba a ƙarƙashin fata. Tun daren jiya wani ya shafa masa man zafi, ya naɗe wurin tamau da tsinken roba. Na kwance robar, na ɗora bayan hannuna. Zafi rau. Na taɓa ta dama, sanyi ƙalau.

Sai da Alhaji ya shiga gida amsa waya sannan yaron da ke kula da dokin ya faɗa mini gaskiya. Watanni dokin yana ɗaure yana cin gero safe da yamma. Saura mako guda Sallah aka fita da shi kilisa sau biyu. Ranar Sallah kuwa, bayan Alhaji ya sauka, babban ɗansa ya haye, ya yi ta sukuwa da zamiya da abokansa, a kwalta da cikin rairayi, har la'asar sakaliya. Wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san ana wuce digiri 40 ba tare da an yi labari ba. Ga kayan ado, ga sirdin katako, ga ƙato a sama, ga kofaton da ya yi tsawo ba a gyara ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Doki ba shi da ƙashin wuyan nan da ke haɗa kafaɗar mutum da ƙirjinsa. Ƙafafunsa na gaba tsoka ce kawai ta rataye su a jikin gangar, kuma su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Jijiyar da ta bi ta bayan ƙwauri aikinta kamar na danƙo ne, ta miƙe idan ya taka, ta dawo idan ya ɗaga. In tsokar sama ta gaji ta daina tallafa mata, zarurrukan da ke cikinta sai su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba wurin murza ba ne. Duk wanda ya murza shi, ƙara yaga abin da ya yage ya yi.

Akwai dalilin da ya sa ba na sa hannu a jikin doki sai na gama tambaya. Farkon fara aikina, ina ji da kaina na dawo daga wata bargar 'yan ƙwallon dawaki a Kaduna inda na koyi tausar, aka kira ni wurin wani doki kili da ya ƙi motsi bayan hawa. Kuturinsa ya sandare kamar icce, zufa na zuba. Na ce tsoka ce ta ɗaure, na duƙufa ina dannawa, na kuma sa yaro ya ja shi ya zazzagaya da shi wai ya warware. Can da ya yi fitsari sai ga shi baƙi-baƙi kamar ruwan bunu. Likitan dabbobin da aka kira ya wanke ni tas a gaban mutane, kuma ya yi daidai. Ciwon nan ne da ke kama dokin da aka ɗura wa hatsi yana hutu sannan aka tashe shi aiki mai tsanani rana ɗaya. Tsokar ce ke narkewa, dattinta ya bi jini ya je ya toshe ƙoda. Maganinsa a bar doki inda yake, a yi masa inuwa, a kira likita ya sa masa ruwa. Ni kuwa duk abin da bai kamata ba shi na yi. Kilin ya rayu, amma gidan nan ba su sake nemana ba har yau. Tun daga ranar, ma'aunin zafi ke fara fita daga jakata. Lafiyayyen doki zafin jikinsa tsakanin 37.5 ne da 38.5, zuciyarsa in yana hutawa tana buga 28 zuwa 44 a minti guda. In na ga zazzaɓi, ko sabon kumburi mai zafi, ko alamar ciwon ciki, hannuna ya koma aljihu sai likita ya zo.

Na gaya wa Alhaji haka. Ni ba likita ba ne, ba na allura, ba na yanke wa ciwo suna. Doka ma ta ajiye wannan ga waɗanda ke da rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, kuma a garin da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta, babu dalilin yin kame-kame. Da yamma likitan da muke aiki tare ya zo da 'yar na'urar sikanin. Aka aske gashin wurin, aka shafa ruwan yauƙin nan, ya ɗora. A fuskar na'urar jijiya lafiyayya fara take fitowa. Ta Bikili akwai baƙin rami a tsakiyarta, kamar ƙwayar ido. Likita ya ce wata tara zuwa shekara.

Alhaji ya tuɓe hula ya mayar. "Shekara guda? Yo ko mutum anka yi ma ɗori ai wata ukku ya isa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙashi ya fi jijiya saurin haɗewa, don ya fi ta samun jini. Da karaya ce a jikin ɗan Adam da mun fi murna."

Baba, da ya biyo ni a bayan babur, ya ce shi a zamaninsu lalas ake yi wa irin wannan, a ɗora jan ƙarfe a ja layi huɗu ko biyar, kuma ya ga da yawa sun tashi. Ban musa masa a gaban mutane ba. Amma mun sha yin wannan gardamar a barga, kuma ra'ayina bai canza ba. Dokin da aka yi wa lalas dole a ƙyale shi watanni saboda gyambon ƙunar, to hutun nan ne ke warkar da shi, wutar ta karɓe yabon. In har hutu ne maganin, me ya kawo ƙuna, da ƙuda, da buɗe wa cutar sandarewar jiki ƙofa? Ido kam Baba ya fi ni. Daga nesa zai ce maka ƙafa kaza ce, kafin ni in gama kallon yadda kan dokin ke ɗagawa duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta dira. A kan wuta ne kawai muka raba hanya.

Kafin doki ya shigo bargata sai an yi takarda. Da can kunya ke hana ni, na sha ciyar da dokin mutum wata uku daga aljihuna ya zo ya kwance abinsa da "Allah shi saka". Yanzu a rubuce yake: kuɗin jinya na kowane wata a farkonsa ake biya, abinci ko mai doki ya kawo ko ya ba da kuɗinsa, kuɗin likita da magani daban, kuma ba mai ɗora wa dokin sirdi sai na ce. Wanda ya ga zai ɗauke dokinsa kafin lokaci, dokinsa ne, amma zai sa hannu cewa na faɗa masa. Abinci shi ke cin ribar wannan sana'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin shekarar har zuwa Maris na 2024, komai na doki ya tashi, daga gero da dusa har shi kansa dokin da ake shigowa da shi ta Illela. Abin da ke ceto na shi ne harawa. Da kaka nake bin ƙauyukan Kware da Wamakko in sayi ta wake da ta gyaɗa in jibge a kan rumfa, don wanda ya jira bazara zai saye ta da kuka.

Alhaji ya sa hannu yana ƙunƙuni. Bayan magariba aka kawo Bikili a bayan a-kori-kura, ana tafiya kamar an ɗauko amarya.

Makonni biyun farko babu wani abin burgewa. Sanyi ne da bandeji. Sau uku a rana muke sanyaya ƙafar na minti ashirin. Ƙanƙara a Sakkwato cikin Afrilu, ga rashin wuta, sai ka yi layi da masu sayar da zoɓo da kunun aya, wata rana ka dawo hannu rabbana. Ran da ba mu samu ba, ruwan randa muke kwarara masa da buta, yaro ɗaya na zubawa ɗaya na ɗebowa. Bayan nan a tsane, a naɗa auduga mai kauri, a bi da bandeji daga ƙasan gwiwa zuwa gaɓar saman kofato, ba sako-sako ba, ba kuma tamau ba. Har ƙafar dama muke naɗewa, don ita ke ɗaukar nauyin 'yar'uwarta. Likita ya ba da maganin rage kumburi na 'yan kwanaki ya tsayar. Wannan farin maganin da masu dawaki ke saye a kasuwa suna ɗura wa doki kafin hawa, ciwon yake rufewa kawai, doki ya yi ta taka ƙafar da ya kamata ya tausaya mata. In kuma ya haɗu da ƙishirwa, ya ci ciki ya ci ƙoda.

Ban ɗaure shi a turke da dabaibayi ba. Na kewaye masa wuri taku huɗu da huɗu a ƙarƙashin rumfar zana, ya juya ya kwanta yadda yake so amma ba filin tsalle. Na janye geron gaba ɗaya sai ɗan abin da ba a rasa ba, na bar shi da harawa da ciyawa da 'yar dusa jiƙaƙƙiya da gishiri. Ruwa kuwa ba ya yankewa a gabansa. A zafin nan jarka biyu ta lita ashirin da biyar ba ta kai shi dare. Aka kira mai gyaran kofato ya rage tsawon gaban, don dogon kofato kamar mutum ne ya sa takalmin da ya fi ƙafarsa, duk taku sai jijiyar baya ta ja fiye da ƙima. Kofato ba ya wuce tsiron santimita guda a wata, saboda haka ba a gyara shi rana ɗaya. Duk mako shida ake dawowa a ɗan taɓa.

Sai a mako na uku na fara aikin da aka san ni da shi, kuma ba a ƙafar mai ciwo ba. Dokin da ke ɗingishi duk jikinsa ke biyan bashin. Da sassafe nake yi, kafin ƙuda su tashi. Nakan tsaya a gefen kafaɗarsa in ɗora tafin hannu a wuyansa, ba na komai, har sai ya daina kallona da farin ido. Sannan in bi da yatsu daga bayan kunne, a hankali kamar mai neman ƙaya, in gangaro gefen geza zuwa gaban kafaɗa. Inda lafiya take, tsoka kan nutsa a ƙarƙashin yatsa kamar ƙullin alkama. Inda matsala take, sai ka ji ta kamar igiyar guga, fatar wurin ta yi karkarwa, kunnuwa su koma baya. A nan nake tsayawa. Ba ƙarfi ake sawa ba. Nauyin da za ka danna idonka da shi bai yi maka zafi ba, da shi ake farawa, a riƙe, a jira. Bikili ya fi minti biyu yana daure mini a kafaɗar dama. Can sai idonsa ya fara lumshewa, leɓen ƙasa ya saki, ya lashe baki, ya tauna iska, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya har kansa ya sauko daidai gwiwata. Ƙaramin yaron nawa, da yake sabo ne lokacin, ya ce, "Malam, barci zai yi?" Na ce a'a, ya dai ce an taɓa wurin.

A bayansa na ga abin da ya fi damuna. Gefe da gefen tudun kafaɗa, inda gaban sirdi ke zama, akwai fararen gashi tsibi biyu kamar an ɗiga madara, alhali dokin ja ne. Wannan ba ado ba ne, tabon matsi ne na shekaru. Da na ja yatsa a gefen ƙashin bayan sai ya lanƙwashe kamar an zuba masa ruwan sanyi. Na aika aka kawo sirdin Alhaji. Kyakkyawa ne, aikin badukan garin nan da ba a gaya musu jar fata, amma katakonsa an sassaƙa shi ne don wani dokin daban, siriri. A kan Bikili gaban ya cije kafaɗa, tsakiya ta yi gada ba ta taɓa baya, ƙarshen kuma ya wuce haƙarƙari na ƙarshe ya hau kan ƙugu. Doki haƙarƙari goma sha takwas gare shi kowane gefe, kuma inda suka ƙare nan iyakar wurin ɗaukar kaya take. Mu kuwa sirdi ɗaya ake gada daga kaka zuwa jika, a ɗora wa duk dokin da ya shigo gidan. In ya yi miki a ƙara tsumma, wanda kamar ƙara safa ne a takalmin da ya matse. Na samo waya mai lanƙwasuwa na kwantar da ita a bayansa wuri uku, na zana siffar kowacce a kwali, na yanke, na kai wa mai sassaƙar sirdi. Ya jujjuya kwalayen ya ce shi tun da yake ba a taɓa kawo masa awon doki kamar na tela ba. Amma ya yi, kuma ya yi kyau.

Linzamin ma na duba. Irin mai zoben nan ne, ya yi wa harshen Bikili tabo a tsakiya. A nan ban ci nasara ba. Alhaji ya ce doki ba linzamin ƙwarai ai abin wasan yara ne. Na dai samu ya yarda likita ya goge kaifin haƙoran da ke yankar kumatu.

Tafiya ita ce ainihin maganin jijiya, amma da awo. Zarurrukan da jiki ke sakawa a ramin nan a hargitse suke fitowa, kuma ɗan jan da taku ke yi musu ne ke jera su su bi tsawon ƙafa. In ba a taka ba su dunƙule, in an wuce ƙima su tsinke. Mun fara da minti biyar safe, biyar yamma, a hannu, a kan jar ƙasa mai tauri da ta miƙe. Ba rairayi, don ƙafa na nutsewa a ciki jijiya ta ƙara miƙewa. Duk mako biyu in ƙara minti biyar, in har na taɓa da safe na ji sanyi. Komai a littafi yake: kwanan wata, mintuna, kaurin ƙwaurin da nake aunawa da tef ɗin tela a wuri ɗaya kullum, abin da ya ci, yadda kashinsa yake. Duk Juma'a in ɗauki bidiyonsa yana tafiya in tura wa Alhaji ta WhatsApp. Na fara wannan ne don mai doki ya san ba cin kuɗinsa ake yi ba. Ban san shi zai jawo mini rigima ba.

Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni, mako na tara da 'yan kwanaki. Kumburin ya sauka, ɗingishi ya tafi, gashin Bikili na sheƙi, yana haniniya yana rawa a hannun yaro. Saura kwana huɗu sai ga Alhaji da amininsa da mota, har da sabon sirdin a baya.

"Malam, na gane shi ga waya, dokin ga ya warke sarai. Taƙama kaɗai za ni yi da shi, daga Fakon Idi zuwa gida."

Na ce bai warke ba, zafin ne ya tafi. Aminin ya ce ai dama masu irin wannan aiki ba su son a sallami doki, tunda wata na ƙarewa kuɗi na shigowa. Maganar ta soke ni, don akwai masu yin hakan. Na shiga ɗaki na ɗauko igiyar rama, na tsinke rabin zarenta a tsakiya, na cusa auduga a wurin na shafe da yawu ta kwanta lumui. Na miƙa wa aminin na ce ya duba, ai ta yi kyau. Ya ce ta yi. Na ce to ja. Bai ja ba, ya dai yi dariyar yaƙe.

Abin da ya raba gardamar ba igiyata ba ce, Baba ne. Yana zaune a kan buhun dusa yana gyaran ragama, bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, ana ga doki kana ga ƙura. Yaron ga gaskiya shika hwaɗi. Ranar Idi in tambari ya tashi, dawaki sunka yi haniniya, wa ka riƙe shi ga taƙama? Kai ko shi?" Alhaji ya yi shiru. Baba ya girmi mahaifinsa, ba ya iya musa masa. A ƙarshe na ba shi aron tsohon dokina akawali, wanda ko bindiga aka buga a kunnensa ba ya canza taku, ya yi Sallarsa da shi. Na kuma ɗauko takardar da ya sa wa hannu na mayar cikin littafi ba tare da na nuna masa ba.

A makon nan wani mai dokin ya zo ya kwance nasa mai irin wannan ciwon, ya sa hannu ya tafi. A watan Agusta na gan shi a kasuwar Kara an kawo shi sayarwa, ƙafar ta yi biyun da.

Damina aikinta daban. Ƙuda, sauro, kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, da danshin da ke ruɓar da tsakiyar kofato har ya yi wari. Kullum sai an ƙwaƙule kofato an share wurin kwana, da yamma a yi hayaƙi. A cikin Yuli likita ya sake sikanin, ramin ya cike ya yi toka-toka. Muka kai tafiyar hannu minti arba'in. Na jera sandunan turare guda biyar a ƙasa yana tsallakawa, don ya koma ɗaga ƙafa da amfani da bayansa. Da karas nake sa shi miƙa: in kai shi wajen haƙarƙarinsa ya lanƙwaso wuya ya ɗauka, in kai tsakanin ƙafafun gaba ya sunkuya bayansa ya ɗago. Ya ƙware har ya fara laluben aljihun duk wanda ya shigo. A wata na biyar ƙaramin yaron, da bai fi buhun siminti nauyi ba, ya fara hawansa da sabon sirdin, tafiya kawai. Da aka sauke sirdin na duba zufar bayan, ta jiƙe bai ɗaya, babu busasshen tsibi a kafaɗa. Sassarfa sai a Oktoba, minti biyu a tsakiyar tafiya. Da ruwan gulbi ya ja baya muka riƙa shiga da shi inda ƙasan ke da tauri, ruwa iya gwiwa.

A Disamba muka yi tuntuɓe. Wata safiya mai hazo iska ta ɗauko leda ta watsa masa a fuska, ya fizge daga hannun babban yaron, ya zuba a guje cikin rairayin bakin fadama. Da aka kamo shi na ji ɗumi a ƙafar. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kira Alhaji na faɗa masa da bakina kafin ya ji a wani wuri, na kuma biya kuɗin sikanin daga aljihuna tunda a hannuna abin ya faru. Allah ya taƙaita, ba sabuwar yagewa. Muka koma ƙanƙara da tafiyar hannu mako uku, sannan muka ɗora daga inda muka tsaya. Sai ƙarshen Janairu ya fara ɗan gudu marar tsanani, a miƙe, ba juyi, ba birki.

Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris. Muka mayar da aikinsa bayan asuba da bayan buɗa-baki, ina ƙara masa gero kaɗan-kaɗan gwargwadon aikin da yake yi. Mako biyun ƙarshe da cikakken kayan hawa yake fita, don nauyinsu da ƙararsu kada su zo masa baƙo. Alhaji da kansa ya riƙa zuwa yana hawa, abin da bai taɓa yi ba kafin wata Sallah. Sharaɗina uku ne, kuma a gaban Baba na faɗa: ba zamiya, ba mai hawa in ba shi ba, yana sauka a cire sirdi a zuba wa ƙafafun ruwa.

Aka ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar, Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris. Na bi su a babur da jarka biyu ɗaure a baya, ina hango jan kuturinsa cikin ƙura da jama'a. Da aka buga bindiga ya ɗan yi rawa gefe, gabana ya faɗi, sai na ga Alhaji ya sassauta hannu maimakon ya fizga, dokin ya koma takunsa.

Washegari tun da duhu-duhu na isa Ƙofar Marke. Na tsuguna na ɗora bayan hannu a ƙwaurin hagu, na mayar na dama, na sake dawowa hagu. Sanyinsu ɗaya. Na hagun ya fi kauri kamar da faɗin ɗan yatsa, kuma haka zai zauna har ƙarshen ransa. Na sa yaron gidan ya ja shi zuwa bakin titi ya dawo, ina kallon kansa. Bai ɗaga ba.

Ina naɗe tef sai ga babban ɗan Alhaji ya fito yana muttsike ido, ya gaishe ni, ya tsaya yana shafa gezar dokin.

"Malam, to yaushe za a sake shi shi yi gudu na sosai?"

Na ce ya tambayi Baba. Na kuma ce ya gaya wa Alhaji ranar Asabar mai gyaran kofato zai zo, sannan akwai cikon kuɗin harawar wata biyu da ke rubuce a littafina.